Yadda ake auna tabbacin lokacin tafiya a hanyar Mararaba zuwa AYA

Ma'aikacin da ke tasowa daga Mararaba zuwa mahaɗar AYA da ke Abuja kowace safiya ya riga ya saba da cunkoso. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne yau minti 35, gobe awa ɗaya da rabi, kuma babu mai gaya masa yadda jibi za ta kasance. Matsakaicin lokaci yana ɓoye wannan hawa da sauka, shi ya sa bai isa ma'auni ba.

A fara da yanka hanyar gida-gida: Mararaba zuwa Nyanya, Nyanya zuwa Kugbo, Kugbo zuwa AYA. In aka dunƙule ta, ba za a gane inda lokacin ke salwanta ba. A ware safiya da yamma, a ware Juma'a saboda masallaci, kuma kada a gauraya damina da rani.

Hanya mafi arha ita ce a tsayar da mutum biyu, ɗaya a farkon yanki ɗaya a ƙarshe, kowa na rubuta haruffa da lambobi huɗu na ƙarshen lambar mota da lokacin wucewarta. Dole agogonsu ya zo ɗaya, don haka su bar wayoyinsu su ɗauki lokaci daga kamfanin layi. Saɓanin minti 2 a yankin da ake ƙetarewa cikin minti 8 ya lalata lissafi. Bas-bas na haya a ba su nasu shafin, tunda suna tsayawa ɗauka da saukewa.

Sai lissafi. A jera lokutan daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na 95 cikin 100, wato lokacin da tafiye-tafiye 95 cikin 100 ba su wuce shi ba. Wanda ya ware wa tafiyarsa wannan lokacin zai makara sau ɗaya ne cikin kwana 20, wato kusan ranar aiki guda a wata. A misali, a ce da asuba hanya na wayam ana yin minti 20, matsakaicin safiya 40, na 95 kuma 70. Rarar da matafiyi zai ƙara kan matsakaicin lokaci ita ce 70 a debe 40, saura 30. A raba da 40, an sami kashi 75 cikin 100. In kuma aka raba 70 da 20, ya ba da 3.5: mai son isa kan lokaci sai ya tanadi ninki uku da rabi na tafiyar asuba. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka na amfani da waɗannan ma'aunai biyu.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne wajen tace bayanai. Sai ka ga an goge ranar da tirela ta mutu a Kugbo, wai ba rana ce ta yau da kullum ba. Ai ita ake nema! Abin gogewa shi ne motar da ta tsaya shan mai, kuma gane ta ba wuya: wadda ta yi minti 50 alhali waɗanda suka shiga tare da ita sun fita a 15, tsayawa ta yi. In duk sun yi 50, laifin hanya ne, a bar shi.

Mako guda bai wadatar ba. Da kwana 5 kacal, haɗari ɗaya ko rashinsa zai juya sakamakon gaba ɗaya. A yi aƙalla wata guda na ranakun aiki, kuma a rubuta dalilin kowace mummunar rana a gefenta: ruwan sama, haɗari, shingen bincike ko gyaran titi.