Talata: Jos ko Zariya

Sunana ya fito a Zariya. A ɗakin malamai na gani, ana dab da buga ƙararrawa, sai da na ari wayar malamin lissafi na sake dubawa kafin na yarda. Yanzu ke nan gurbi biyu na digiri na biyu ke hannuna, na Jami'ar Jos da ya fito tun wancan watan, ga kuma na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) da ke Samaru, Zariya. Wuni na yi ina fara'a, har 'yan aji biyar suna tambaya ko an ƙara mana albashi ne.

Da aka tashi na biya Farin Gada, kabeji da karas na Umma. Ga inda hankalina yake zuwa duk na riƙe kabeji: kududdufan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, waɗanda masu noman rani ke jan ruwansu da inji. Yashin da aka wanke kuza aka jibge a gefensu yana da ma'adinan da ke ɗauke da toriyom da yuraniyom, sinadarai masu fitar da hasken nukiliya. Nawa ne ke sauka cikin ruwa, nawa ke hawa ganye, shi nake so in auna. Ban ce akwai illa ba, awo ne zai faɗa.

Bayan magariba na sami Baba a kan buzunsa, rediyo a gefe, ƙafar nan mai gyambo a kan filo. Na gaya masa. Ya yi hamdala, ya sa albarka, sannan ya ce, "To ramukan da za ka auna, a Zariya suke?"

Na ce a'a Baba, ramuka na nan, na'ura ce ke can. Na yi masa bayanin cibiyar binciken makamashi ta ABU, da ƙaramar tukunyar nukiliyar da ke aiki a cikinta tun 2004, yadda ake sa ɗan garin ƙasa a ciki, daga hasken da ya fitar a gane sinadaran da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ya rage muryar rediyo yana saurare.

Ya ce, "Kakanka kuzar nan ce ta rabo shi da ƙasar Kano, da kwano a ka ya yi leburanci. Kai kuma ga rami a bayan gidanka, za ka ɗauki ƙasa a buhu ka kai Samaru."

Na ce gaskiyarku Baba, ko daga nan ma ana iya kai samfur can a biya kuɗi a auna, a ba mutum sakamako a takarda. Amma zuwa da kai ya fi aike. Ni so nake in tsaya a gani da ni, in san yadda lambar ta fito, don gobe in wani ya musa in iya kare ta.

Ya yi shiru. Can ya ce, "Je ka Zariya. Kada ka duba ƙafar nan."

Wallahi ban ambaci ƙafar ba, ko da wasa. Da tsawa ya yi mini ya ce ba inda za ni, da na sami abin jayayya. Amma ya faɗa a hankali, ya miƙo ƙafar kamar kullum, na ɗauko ruwan gishiri da auduga na warware bandeji. Gefen gyambon ya fara yin ja mai kyau, tsakiyar ne har yanzu da saura, kuma ciwon suga ba ya son a yi sake ko na dare ɗaya. Ina ɗaurewa ina tunanin wa zai zauna a nan wurin. Idon Umma ba ya gani sosai da dare. Auta kuwa ko jinin kaza ba ta iya kallo.

Yaya ya kira daga Abuja bayan isha'i, murna har da ihu. Shi dai ABU ce, jami'ar Sardauna tun 1962, wai sunan kaɗai ya isa ya buɗe ƙofa, ta Jos kuwa sai 1975 ta tsaya da ƙafarta. Ni suna bai dame ni ba, malaman ilimin duwatsu na Jos a tsakiyar ƙasar kuza suke zaune, sun san kowane rami. Ya ce zai riƙa turo kuɗi a ɗauki ma'aikacin jinya. Na gode masa, kuma na san da zuciya ɗaya ya faɗa. Sai dai Baba ba kowa yake bari ya taɓa masa ƙafa ba, shi ma Yaya ya sani.

Lissafin kuɗi ma ba ya bayan Zariya. A nan daga Anguwan Rogo ko da ƙafa sai in shiga jami'a, in kwana a gida, in riƙe aikina. Can sai na ajiye aiki, na kama ɗaki a Samaru, duk zuwa gida kuma sai na bi hanyar Pambegua da Saminaka. In malaman jami'o'i suka sake yajin aiki irin na 2022, da ya ci wata 8 daga Fabrairu zuwa Oktoba, duka biyun za a rufe, amma a Jos ina gidanmu, a Zariya haya na tafiya a banza.

Duk wannan na sani, kuma raina bai fasa son Zariya ba. Abin da ya hana ni cin tuwon dare ke nan.

Gobe in Allah ya kai mu zan je wurin malamin da ya yarda zai duba aikina a nan, in tambaye shi ko zai bar ni in kai samfurin da kaina, in zauna a cibiyar har a gama awo. In ya amince, zan biya kuɗin Jos cikin makon nan. In ya ƙi, sai na yi istihara kafin in sake buɗe maganar da Baba.