Zauren mai zane a Njamena

Daga Garwa zuwa Marwa, a arewacin Kamaru, babu abin ba da labari. Kwalta ce, kilomita 200 da 'yan kai, mutum ya yi gyangyaɗi ya farka ya ga itatuwan dogon-yaro na Marwa. Wahalar daga Mora take somawa. Hanyar da ta bi ta Waza da Dabanga ta nufi Kusiri ta cinye kwaltarta a wurare da yawa, sai direba ya sauka gefe ya bi sawun manyan motocin da ke kai kaya Chadi, ƙura ta turnuƙe, kowa ya ja rawani ko mayafi ya rufe hanci. Ga shingayen sojoji tun da rikicin Boko Haram ya taɓa yankin: a sauka, a nuna katin shaida, a hau. Da muka zo Waza kowa ya leƙa taga ko zai hangi raƙumin dawa, tunda gandun dajin yana gefen hanya. Ni dai duwatsu na gani da awaki.

A Kusiri muka kwana, da safe na bi ayarin masu ƙetare gadar Ngeli a kan kogin Logon. Babura, amalanke, mata da kwanduna a ka, 'yan makaranta, kowa da sassarfa. A nan Kusiri aka yi yaƙin 1900 da aka kashe Rabe, mayaƙin da ya ci Borno, shi ma kwamandan Faransa, Lami, ya mutu a ranar, garin da aka kafa a ƙetaren ruwa, wato Njamena ta yau, ya ci sunan Lami har 1973. Kawuna, wanda bikin 'yarsa ya kawo ni, har yanzu in magana ta yi daɗi Fort Lami yake cewa. Yawancin maƙwabtansa jikokin mutanen da suka taso daga ƙasar Hausa ne da niyyar Makka a ƙasa, guzuri ya ƙare ko aure ya tsare su, suka yada zango a bakin kogin Shari. A kasuwa Larabcin Chadi suke yi, a ofis Faransanci, in an dawo gida an shimfiɗa tabarma sai Hausa.

Bayan an kai amarya ne Kawu ya ce da ni, "Kai da kake aikin riga, ga wani maƙwabcinmu can ya buɗe gida, wai mutane su je kallon zane. Je ka gani, ni ban ga abin kallo ba."

Malam, haka kowa ke kiransa, dattijo ne siriri mai tabon fenti a kowace riga. Kowace shekara in hunturu ya shigo yakan share zaurensa da tsakar gida, ya fito da aikin da ya yi, ya bar ƙofa a buɗe daga bayan sallar Juma'a zuwa yammacin Lahadi. Ba tikiti, ba katin gayyata. Iyalinsa sukan koma ɗakin baya, a rataye zanuka a jikin katanga da kan igiyar shanya, ƙananan a jingine da randa. Ɗansa yana gindin darbejiya da butar shayi a kan gawayi, duk wanda ya shigo sai an miƙa masa ɗan kofi.

Da ya ji daga Garwa nake kuma ɗinkin babbar riga ne sana'ata, sai ya kama hannuna ya kai ni gaban wani zane mai tsawo. Babu mutum a ciki, babu dabba. Murabba'ai ne cikin murabba'ai, ja da rawaya da baƙi, a tsakiya ga dagi. Na matsa kusa na bi zaren dagin da ido, don nan ake kama wanda bai iya ba: sai layin ya hau, ya shige ƙarƙashi, ya sake hawa, bai taɓa hawa sau biyu a jere ba har ya dawo inda ya faro. Nasa bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba.

"Malam, a ina aka koyi wannan?"

"A tsangaya, ɗan'uwa. Ni nake wa 'yan sauka zayyanar allo. Karatun bai zauna sosai ba, hannun ne ya zauna."

Daga zayyana ya koma rubuta allunan shaguna, na masu aski da masu ɗinki da masu sayar da magani, da rubutun bayan manyan motoci. Har gobe wannan ne ke ciyar da gidan, bai kuma ɓoye ba. Amma kayan aikinsa na zane har yanzu na tsangaya ne. Ya zaunar da ni a ƙofar ɗakin da yake aiki ya nuna mini. Jar ƙasa ce a cikin tsohon gwangwanin madara, ya jiƙa ta ta kwana, ya tace da ƙyallen gidan sauro, ya bar ta ta kwanta, ya tsiyaye ruwan sama. Abin da ya rage a ƙasa laushinsa ya kai a shafa a fuska. Sai ya zuba ruwan ƙaro, yana juyawa da tsinke yana ɗagawa ya ga yadda yake zuba. In ƙaron ya yi kaɗan launin zai kakkaɓe bayan ya bushe, in ya yi yawa sai ya yi ƙyalli ya tsattsage. Baƙin daga gindin tukunya yake kankaro shi, kamar dai yadda ake haɗa tawada. Ƙaro kuwa ba ya tsada a nan, Chadi na cikin manyan masu fitar da shi a duniya, bayan Sudan. Fentin kanti, mai zuwa a 'yan bututu daga waje, sai shuɗi da kore kawai yake saya, yana matsa su da rowa. Yadin akoko yake ɗaurewa a katako ya shafe da farin fenti da gam, layuka masu siriri kuma da alƙalamin kara yake ja.

Ba duka aikinsa ya burge ni ba. Akwai jerin raƙuma da faɗuwar rana a bango guda, an yi su tsaf, babu rai. Ya ga inda idona ya tsaya ya yi dariya, ya ce waɗannan na baƙi ne, ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da na ofisoshin jakadanci masu neman tsarabar da za ta shiga akwati. Ya sha kai aiki baje koli a cibiyar al'adun Faransa da manyan otal-otal, can ne ake samun mai saye da daraja. Wani otal ma, in ji shi, ya riƙe masa zanuka wata da watanni, da aka sayar aka zare kaso mai tsoka, sauran kuɗin sai da ya yi ta sintiri. Amma ba wannan ne ya fi damunsa ba. "A can kowa sai ya tsaya da kofi a hannu ya ce ya yi kyau. Shekara nawa ana ce mini ya yi kyau. Ba wanda ya taɓa ce mini ga inda na ɓata."

Ranar Asabar da la'asar na ga abin da yake nufi. Wani tsoho ya shigo yana dogara sanda, an ce ya yi rayuwarsa yana su a tafkin Chadi, tun lokacin da ruwan ke da faɗin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, kafin farin shekarun 1970 da 1980 ya janye shi. Bai kula raƙuma ba, bai kula dagi ba. Ya tsaya gaban babban zanen da Malam ya fi ji da shi: kwalekwale a cikin ciyayin ruwa, mutum tsaye ya jefa birgi, ragar ta buɗe a sama. Ya daɗe yana kallo.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To wannan mutumin naka ya yi asarar birgi. Ina igiyar? A wuyan hannu ake ɗaure ta. In ya jefa haka da me zai jawo?" Ya nuna na bayan jirgin da bakin sanda. "Wannan kuma filafili ka ba shi a cikin ciyawa? Ruwan nan bai kai ƙugu ba. Gora ake sa wa."

Tsakar gidan ta ɗauki dariya. Malam bai ce uffan ba, ya shiga ɗaki ya fito da alƙalami da kurtun tawada, ya sauke zanen ƙasa, ya durƙusa. Tsohon yana tsaye a kansa yana ba da umarni: a sassauta igiyar, ba a miƙe take ba lokacin jifa, ta yi lanƙwasa. Layi ɗaya ne siriri daga hannun masuncin zuwa cibiyar ragar, amma da aka ja shi sai jifan ya samu nauyi, ka ga inda ragar za ta faɗa da yadda za ta dawo. Maganar gora ya ce sai an kankare, zai yi bayan taro. Tsohon ya karɓi shayinsa ya zauna, ya shiga ba yara labarin gura da dumba, dabarun tare kifi a tafkin.

Haka aka yi ta yi. Wata mai sayar da ƙosai ta ce ba a ɗaukar tulu da gammo a karkace haka. Wani mai gyaran babur ya gane rumfarsa a wani zanen kasuwa, ya tafi ya dawo da abokansa. A ganina wannan ne amfanin buɗe gidan, ba ciniki ba, don cinikin bai taka kara ya karya ba: mutanen da ake zanawa su ne ba sa zuwa zauren baje koli, su ne kuma kaɗai suka san inda aka yi ƙarya.

Mutanen cikin zanensa duka ba su da fuska. Kai ne kawai, da hula ko ɗankwali, wurin ido da baki a shafe. Wata Baturiya ta taɓa ce masa ta fahimci saƙon, wai mutanen da duniya ta manta da su ne. Ya ce bai musa mata ba, tunda ta saya. Gaskiyar ita ce mahaifinsa ne ya gindaya masa sharaɗi ranar da ya fara zana mutane, saboda maganar surar abu mai rai, wadda malamai suka yi sassauci da tsanani a kanta. Limamin unguwar ma ya leƙo ranar Lahadi, ya zagaya, ya yaba zayyanar, ya wuce sauran bai tanka ba. Rashin fuskar ya tilasta wa Malam koyon abin da masu zane da yawa ba su iya ba: daga tsayuwar kafaɗa kake gane wannan ta gaji, wancan yana ciniki, wancan bashi ya zo tambaya.

Da na tambaye shi inda yake samo launukan nan, cewa ya yi in shirya da safe. A bayan babur ɗinsa muka tafi Gawi, ƙauyen ƙabilar Kotoko da ke kamar kilomita 10 arewa maso gabas da birnin. Tun daga bakin gari ka fara ganin katangu da zane: ja, fari, baƙi, ruwan ƙasa, layuka masu gwiwa-gwiwa, tsuntsaye, kifaye, dabbobi. Mata ne ke yi, su ne kuma masu ginin tukwanen da aka san garin da su, ga randuna jere a rana suna jiran gashi. Tsohuwar fadar sarkin garin, ginin ƙasa mai bene, ita aka mayar gidan tarihi. A ciki akwai kayan mutanen Sao, waɗanda Kotoko ke cewa su ne kakanninsu, ana kuma ba da labarin wai ƙatti ne. Manyan tulunan da suke binne matattu a ciki, a kifa wani a kan wani, suna sa mutum ya ga inda labarin ya samo asali. Tun shekarun 1930 masu haƙar tarihi na Faransa suka tono tuddan Sao a wannan yanki suka kwashi kaya da yawa zuwa Faris. Abin da ya rage, a nan da gidan tarihi na ƙasa a Njamena, Malam ya ce ya san kowane ɗan mutum-mutumi na yumɓu da ke ciki, wuyansu da kafaɗunsu yake zuwa kallo.

Ya kai ni gidan wata tsohuwa da yake kira Iya, ya durƙusa ya gaishe ta da Larabci, ya ajiye mata sukari da ganyen shayi. Tana gyara zanen katangarta da ruwan damina ya wanke, da tsumma a hannu, ba buroshi, ba awo. Ta tsoma, ta ja layi daga sama har ƙasa ba tare da ta ɗaga hannu ba. Malam ya fito da ɗan gutsuren yadi da ya shafa wa sabon jan da ya haɗa. Ta murza da yatsa, ta shinshina, ta faɗi wata magana da ta sa jikokinta dariya. A hanya ya fassara mini: wai ƙasar bakin hanya ya ɗebo don ƙyuya, in yana son ja na gaske ya bi yaran su nuna masa ramin.

Da muka dawo an fara kwashe zanuka, matan gida sun karɓe igiyar shanyarsu. Abin da aka sayar bai fi a ƙirga da yatsu ba: mai gyaran babur ya ɗauki zanen kasuwar, zai riƙa biya duk mako, wata malamar makaranta ta sayi ƙaramar zayyana. Ni na roƙi izinin kwafar dagin nan a takarda don gaban riga, ya ce in ɗauka, shi ma ba shi ya ƙirƙira ba.

Sai ga Kawu ya shigo, wai ya zo kirana cin abinci. Ya zagaya hannu a baya, ya tsaya gaban masuncin, ya tambayi kuɗinsa. Da aka faɗa masa ya yi salati. Can ya ce allon shagonsa na kilishi ya koɗe, nawa Malam zai sake masa, da harafin Faransanci da na Larabci, a kuma zana faifan kilishi a gefe. Malam ya ce sefa 15,000. Kawu ya ce 8,000, ai maƙwabtaka. Suka daidaita a 10,000 da ƙunshin kilishi, Kawu zai kawo katako ranar Talata.