Yadda na haɗa allon zayyana da zanen 'yan jami'a a zaure ɗaya

Ni ba mai zane ba ce, mai tsara baje koli ce. Aikina shi ne in nemo ayyukan masu zane, in zaɓa, in jera su ta yadda wannan zai ƙara wa wancan haske, in rubuta abin da mai kallo zai karanta, sannan in mayar wa kowa kayansa lafiya kamar yadda ya ba ni. Mutane da yawa, har cikin dangina, sun ɗauka rataye hotuna ne kawai a bango. Ratayewar ita ce ƙarshe, kuma duk cikin aikin babu abin da ya kai ta sauƙi.

Kishi ne ya jawo ni. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiyar masu zane. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon abin da malamansu Turawa ke koya musu ba, za su haɗa shi da abin da suka gada a gida. Duk wanda ya karanci tarihin zanen zamani a Nijeriya ya san daga nan aka ɗauko hanya. Amma ayyukan da aka fara a Zariya sai ka je Legas ko Landan kafin ka gan su a bango. Yaro zai gama sakandare a Kano bai taɓa shiga ɗakin da aka baje zanen zamani ba. Kullum muna juya takardar naira ashirin mai hoton Ladi Kwali a hannu, mutum nawa ne a cikinmu ya taɓa tsayawa gaban tukunyar da ta gina? Har yau jami'ar tana yaye masu zane duk shekara. Wasu su nufi kudu, wasu su koma rubuta allon shaguna da zana fuskokin 'yan siyasa, saboda babu wanda zai zo ya ce musu, kawo in gani.

Mutum biyu ne suka nuna min cewa wannan “kawo in gani” sana'a ce mai zaman kanta. Okwui Enwezor, haifaffen Kalaba, shi ya jagoranci babban baje kolin Documenta na birnin Kassel a Jamus a 2002, kuma shi ne na farko da ba Bature ba da aka damƙa wa wannan aiki. Kafin a buɗe ƙofa a Kassel sai da ya kai zaman muhawara wasu garuruwa, har da Legas da New Delhi, don kada a ce daga Turai kaɗai ake kallon duniya. A 2015 ya jagoranci na birnin Venice a Italiya. Ita kuwa Bisi Silva gida ta dawo, ta buɗe cibiya a Yaba ta Legas a 2007, ta cika ta da littattafai, ta shiga horar da matasa masu zane da masu tsara baje koli daga ƙasashen Afirka. Ita ta tsaya kan ayyukan mai ɗaukar hoto J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya shafe shekaru yana ɗaukar kitson matan Nijeriya, har aka fitar da babban littafi a kansa. Okwui da Bisi dukansu sun rasu a farkon 2019, wata guda tsakani. Hanyar Bisi ta fi kama zuciyata, don ita ce wadda mutum zai iya bi da ɗan abin da ke hannunsa.

Baje kolin da na fi koyon darasi a kansa ƙarami ne, a wani zaure da aka ara min a Kano. Tunanin ya faro ne daga wani tsohon malami a cikin gari mai yin zayyana a allon sauka. Na ga aikinsa a gidan wata ƙawata ranar saukar ƙaninta, na kasa ɗauke ido. A lokacin kuma ina bibiyar wani matashi da ya karanta zane a Zariya, wanda ba ya zana mutum ko dabba, sai layuka da kusurwoyi da launi a kan manyan kyallaye. Ban taɓa ganin an ajiye irin waɗannan ayyuka biyu a ɗaki ɗaya ba, alhali ido na gaya min 'yan gida ɗaya ne. Na ƙara da wata baiwar Allah mai ɗinka tsummokaran da aka rina a marinar Ƙofar Mata ta mayar da su shimfiɗar bango, da wani mai ɗaukar hoton tsofaffin gine-ginen ƙasa.

Zuwa wurin malam sai da na nemi rakiyar kawuna. Muka same shi a zaure a kan buzu, allo a cinya, ƙananan kwalabe a gefensa: baƙar tawada, ja, ruwan ɗorawa, kore. Ba ruwansa da abin awo. Da zare yake raba allon, ya naɗe shi biyu, ya sake naɗewa, ya ɗiga alama da bakin alƙalami, sai ka ga gidaje sun fito daidai wa daida. Na yi bayani, ya saurara har na gama bai ɗago ba.

“'Yata, waɗanda za su shigo, duk da alwala za su shigo?”

“A'a, Allah ya gafarta malam. Kowa da kowa ne, har waɗanda ba Musulmi ba.”

“To allon da ke da aya ba zai je ba. Zan yi miki wasu, zayyana zalla. Kuma kada a jingina su a ƙasa, kada a sa su bango ɗaya da hoton mai rai.”

Na amsa nan take. A hanya kawuna yana ganin an ƙuntata min, ni kuwa na san malam ya riga ya tsara min rabin ɗakin. Allunan suka samu bangonsu su kaɗai, wanda mai shigowa zai fara fuskanta. Hotunan gine-gine, da yake akwai mutane a wasunsu, suka koma ɗakin ciki. Tun daga nan, idan mai aiki ya gindaya min sharaɗi, nakan fara neman abin da sharaɗin ke karewa kafin in yi tunanin yadda zai takura min.

Matashin nan shi ya fi wuyar sha'ani, kuma ban ga laifinsa ba. Ya sha wahala kafin a daina ce masa mai fenti, yanzu ga shi ina so in jera shi da mai sana'ar gargajiya. Ya ce min, “Anti, shi abin da ya gada yake maimaitawa, ni nema nake.” Na tuna masa masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19, wanda masu nazarin gini ke zuwa daga nesa su auna bakan gizonsa. Shi ma gado ya samu, ya yi da shi abin da ba a taɓa yi ba. Bai gamsu ba. Sai na kai shi zauren malam, gani ya kori ji. Ya zauna yana kallon zaren nan, ya yi ta tambaya kan yadda ake fitar da tsakiya da yadda ja ba ya cin kore. Da muka fito ya yarda a haɗa su. Ra'ayinsa kan bambancin da ke tsakaninsu yana nan har yau, mukan taɓa muhawarar idan mun haɗu, kuma ni ban ga dole sai mun daidaita ba. Abin da nake so shi ne mai kallo ya tsaya a tsakiyar ɗaki, ya dubi dama ya dubi hagu, ya yanke hukunci da kansa.

Abin da ya fi min ciwo shi ne barin wani a waje. Akwai mai zanen mahaya dawakin sallah da ya ji labari ya kawo min ayyukansa da kansa. Gwani ne, kuma da na rataye su da su za a fara saye. Amma ba maganar da ɗakin ke yi suke yi ba. Na je har gidansa na faɗa masa baki da baki, don irin wannan ba a aika ta a waya. Bai ji daɗi ba. Mai tsara baje koli yana riƙe da iko a kan abincin mutane da sunansu, kuma wajibi ne ya iya kallon idon wanda ya bari ya faɗa masa dalili.

Sauran aikin na ƙusa da guduma ne. Lokacin hunturu ne, iska ta bushe, ƙura na shigowa ta ko'ina, itacen firam yana tsagewa. Kowane aiki da ya iso sai na ɗauki hotonsa gaba da baya, na rubuta duk wani ƙarce ko tabo a takarda, ni da mai shi mu sa hannu. A takardar aka rubuta kuɗin da yake so idan an saya, da kason zauren, da ranar mayarwa. Manyan kyallayen a akori-kura suka zo, naɗe da barguna da kwali, ina gaba kusa da direba ina roƙonsa ya bi ramuka a hankali. Ƙa'idar da aka saba ita ce tsakiyar aiki ya kasance kusan mita ɗaya da rabi daga ƙasa, daidai idon mutum a tsaye. Na sa kafinta ya ɗan sassauto da shimfiɗun rini saboda yara, allunan malam kuwa muka ɗaga su sama kaɗan. Wani kamfani da ya yi alkawarin biyan kuɗin fitilu da man janareta ya janye ana saura kwanaki, dole muka mayar da lokacin kallo tsakanin hantsi da bayan la'asar, muka buɗe tagogi. Hasken rana ya fi yi wa shuɗin baba kyau, amma yana cin launi idan ya daɗe a kansa, don haka muka rataye farin yadi a tagogin yamma.

Rubutun bango da Hausa na fara shi, boko da ajami, Turanci a ƙasa. Na karanta wa goggona a tsakar gida, duk inda ta ce “me kenan?” na soke na sake. Abin da ya rage bai wuce layi huɗu ga kowane aiki ba: wane ne, da me ya yi, yaushe, da tambaya ɗaya da nake so mai kallo ya tafi da ita. Aikin mai tsara baje koli kamar na uwar biki ne, idan ita ake kallo ba amarya ba, to ta ɓata.

Wa zai shigo, nan ne na fi tsayawa. Na daɗe ina bibiyar abin da Ibrahim Mahama ya yi a Tamale da ke arewacin Gana. Ya yi suna a duniya da tsofaffin buhunan koko da gawayi da yake lulluɓe gine-gine da su, har a Venice ta 2015. Da kuɗi suka samu sai ya buɗe cibiyar fasaha a garinsu a 2019, ya sayo tsofaffin jiragen sama ya ajiye a wani filin nasa yara na shiga suna karatu a ciki. Ba ni da jirgi, amma ina da ƙofa. Ranar farko na tarar maigadi yana korar almajirai daga bakin zaure, a ganinsa taimakona yake. Na roƙe shi ya bar su, na ce, “Baba, su ne manyan baƙina.” Suka shigo a ɗarare, robobinsu a hammata, suka wuce kai tsaye bangon alluna. Wani ɗan shekara goma sha wani abu ya tsaya yana nuna wa wani malamin jami'a inda ake fara zayyana da inda ake rufe ta, da abin da ya bambanta ta da ta allon yayansa da ya sauke bara. Malamin ya ciro biro yana rubutawa. Daga nan yaron ya juya ya dubi babban kyallen matashin nan, ya ce wannan ma zayyana ce, sai dai mai ita bai rufe gefe ɗaya ba. Matashin yana tsaye a bayansa yana ji.

Wani tsohon marini kuma ya sa hannu zai taɓa shimfiɗar rini, ya tuna an hana, ya janye. Da ido kawai ya faɗi wane tsumma ne ya sha baba sosai, wane ne aka tsamo da wuri. Mai aikin ta ce ita kanta ba ta san haka ba, saye kawai take yi.

Bayan an rufe, wani mai kuɗi ya nemi ya kwashe allunan gaba ɗaya. Farashin da malam ya sa bai kai kuɗin firam ɗaya na matashin ba, domin da kuɗin allon sauka ya auna. Na koma na shaida masa abin da ake sayar da sauran ayyukan, na ce ba zan sayar a kan wancan farashi ba sai ya ji wannan tukuna. Ya yi shiru, ya ƙara kuɗin, ya ce a bar masa biyu. Sannan na nemi izinin sa sunansa a ɗan littafin da muka buga, da yake shi ba ya sa hannu a aikinsa. Ya yarda, bisa sharaɗin a rubuta sunan malamin da ya koya masa a gaban nasa.

Wannan ɗan littafi na fi ba muhimmanci yanzu fiye da ranar buɗewa. Baje koli makonni ne ya watse, abin da aka rubuta shi ɗalibi zai samu bayan shekara ashirin: suna, shekara, tsawo da faɗi, kayan aiki, hoto mai kyau. Na kai kwafi ɗakunan karatu na jami'o'i da na jiha, na ba kowane mai aiki nasa. Ta dalilinsa ne iyalan wani marigayi da ya karanta zane a Zariya suka neme ni. Ayyukansa na jibge a sito tun rasuwarsa, gara ta fara cin na ƙasa. Yanzu can nake zuwa duk Asabar, ni da babbar 'yarsa muna fito da su ɗaya bayan ɗaya, muna kakkaɓewa, muna aunawa, tana gaya min wanda ta tuna lokacin da aka zana shi ina rubutawa.