Jan wake da shinkafa irin na New Orleans, ba tare da naman alade ba

A birnin New Orleans da ke jihar Louisiana ta Amurka, ranar Litinin ranar wake ce. In ka shiga ƙananan gidajen abinci na unguwa da rana za ka ga an rubuta shi a allo, kuma gidaje da yawa shi suke ɗorawa. A da, Litinin ce ranar wanki, kuma wankin kaya da hannu yini guda yake ci, sai mata su jefa ƙashin cinyar aladen da ya rage daga abincin Lahadi cikin tukunyar wake, su bar ta a kan ƙaramar wuta su tafi ga aikinsu. Masana tarihin abincin garin kan danganta yaɗuwar girkin da mutanen da suka gudo daga juyin juya halin Haiti, waɗanda dubbansu suka iso garin ta Kyuba a 1809, cikinsu har da bayi 'yan asalin Afirka da suka saba haɗa wake da shinkafa.

Ni a wurin wata dattijuwa maƙwabciyata na koya, lokacin da nake zaune a jihar Louisiana. Tun farko na gaya mata ba na cin alade. Ta yi shiru, sannan ta ce to sai mu nemo hayaƙi daga wani wuri, don ba naman ne ke riƙe girkin ba, ƙamshin kyafi ne. Wannan maganar ita ce rabin darasin. Sosej (naman da ake cusawa a hanji) ɗin da mutanen New Orleans suka fi so, andouille, na alade ne mai tafarnuwa da barkono wanda aka kyafa sosai, kuma garin LaPlace da ke kusa da New Orleans ya yi suna a kansa. A madadinsa nakan sayi kyafaffen sosej na naman sa a shagon halal, in haɗa da kyafaffiyar ƙafar talotalo. Sosej yana ba da maiƙo da yaji, ƙafar talotalo kuma tana ba da ƙashi da fata, waɗanda ke sa romo ya yi danƙo. Da sosej kaɗai waken yana daɗi, amma romon yakan fito sakayau.

Wakensu ba farin wakenmu ba ne. Ja ne, babba, mai siffar ƙoda, kuma mutanen garin suna da tsananin son na kamfanin Camellia, wanda ke sayar da shi tun 1923. Ƙunshi ɗaya, kusan rabin kilo, yakan ciyar da mutum shida. Ina jiƙa shi tun dare, da safe in zubar da ruwan in ɗauraye. Akwai abin da bai kamata a yi wasa da shi ba a nan: ɗanyen jan wake yana ɗauke da wani sinadari da ke sa amai da gudawa, kuma tafasa mai ƙarfi ce kaɗai ke kashe shi. Dole ya yi aƙalla minti 10 yana tafarfasa kafin a rage wuta. Masu tukunyar lantarki mai dafuwa a hankali su fara tafasa shi a kan murhu, don zafin waccan tukunyar ba lallai ya kai ba.

Ina yanka sosej ƙwaya-ƙwaya in soya a tukunya mai kauri har gefensa ya yi duhu, in kwashe, in bar man a ciki. A cikin wannan man ake zuba abubuwa uku da kusan duk girkin Kiriyol, wato girkin gargajiyar New Orleans, ke farawa da su: albasa babba ɗaya, koren tattasai ɗaya, da sandunan seleri (wani kayan lambu mai dogon kara) biyu ko uku, duk a yanka ƙanana. Ba a gaggawa da su. Sai sun yi laushi sun kankare abin da ya kama a gindin tukunya, sannan tafarnuwa ta shiga, sai ganyen bay (wani ganyen ƙamshi) biyu, tayim, masoro da jan barkono. Daga nan wake, ƙafar talotalo, da ruwan da zai rufe su ya ɗara da kamar yatsu biyu. Babu tumatir, babu attaruhu, babu manja. Hannuna ya daɗe yana ƙaiƙayin jefa daddawa, kuma ba na jin za ta ɓata, amma in an sa ta an koma wani girkin.

Inda ya fi bambanta da garau-garau shi ne abin da ake nema daga waken. Mu muna so ƙwayar ta tsaya daram a cikin shinkafa, mai da yaji su hau kai. Su kuwa waken shi ne miyar. Ana dafa shi awa biyu zuwa uku a ƙaramar wuta, murfi a ɗan buɗe, ana juyawa daga ƙasa lokaci-lokaci, har ya fara farfashewa da kansa. Sai a ɗebi kamar ludayi biyu a murƙushe a jikin tukunya a mayar. Cikin minti ashirin ruwan da ke tsululu zai koma kauri, kamar an zuba madara alhali ba a zuba ba. Na tambayi maƙwabciyar tawa, "Mama, yaya zan san ya yi?" Ta ce in ja cokali a gindin tukunya, in hanyar ta ɗan tsaya kafin ta rufe, to ya yi.

Kanwa ba ta da wuri a nan, a ganina. Tana saurin nunar da wake, gaskiya ne, amma tana sauya masa launi da ɗanɗano, kuma tana gajarta lokacin da hayaƙin nama ke buƙata ya ratsa romo. Waken da ya ƙi nuna bayan awa uku yawanci tsoho ne da ya daɗe a shago, ko kuma an sa masa abu mai tsami da wuri. Shi ya sa ruwan barkono mai tsami irin Crystal ko Tabasco, waɗanda duka a Louisiana ake yin su, a kan tebur ake ajiye shi kowa ya ɗiga a kwanonsa. Gishiri ma sai can ƙarshe nake sawa, bayan na ɗanɗana, don kyafaffen nama yana zuwa da nasa mai yawa kuma ruwa yana ƙonewa.

Sosej ɗin ina raba shi biyu. Rabi yana shiga tun farko ya narke cikin romo, rabi sai saura rabin awa, don a samu abin tauna mai ɗanɗano. Ƙafar talotalo kuma in ta yi laushi sai in ciro ta, in zare naman in mayar, in yar da ƙashi da ganyen bay.

Shinkafa dabam ake dafa ta, doguwar ƙwaya, fara, warara, da gishiri kawai. A kwano mai zurfi ake zuba wake, a ɗora shinkafa a tsakiya, a barbaɗa yankakken lawashi. Wake ya fi shinkafa yawa, akasin yadda muka saba.

Washegari waken yakan daskare a firji ya yi tauri, kuma ɗanɗanonsa ya fi na ranar farko. A zuba masa ruwa kaɗan a ɗumama a ƙaramar wuta ana juyawa, don yana saurin kamu, sannan a dafa sabuwar shinkafa.