Gangarar da Aka Gina Mini Ba a Tambaye Ni Ba

Idan kai ma'aikacin gwamnati ne mai amfani da keken guragu, har ka samu an amince za a yi maka gangara a ƙofar ofis, kada ka ɗauka magana ta ƙare. Ka nemi sanin ranar da magini zai zo, ka tsaya a kansa.

Shan-inna ce ta kama ni tun ina yaro, yanzu ina sashen kuɗi na wani ofishin gwamnatin tarayya. Matakala uku ce a ƙofarmu. Kowace safiya sai na jira masinja da mai gadi su ɗaga ni da kekena, jakata a cinya, masu wucewa suna ta "sannu, Malam". Ranar da suka makara kuwa, sunana ne rajista ke nunawa a sahun makararru.

Takardun roƙo ba su yi mini komai ba. Abin da ya motsa fayil shi ne ambaton dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen hukuma shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a Janairun 2024, ta kuma ware mana aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Da na rubuta haka, darakta ya sa hannu. Wannan ɓangaren bai ba ni wuya ba.

A ƙarshen mako aka yi aikin, babu wanda ya kira ni. Ranar Litinin na tarar da tudu da bai kai mita 2 ba, an shafe shi da tayil mai santsi, ba ƙarfen dafawa. Ina turawa tayoyin gaba suka ɗaga sama. Da mai gadi bai tare ni ba, da ƙeyata ta sha ƙasa.

Ƙa'idar da aka sani ita ce kowace santimita 1 ta tsayi tana buƙatar santimita 12 na tsawo. Matakalarmu santimita 45 ce, wato gangarar ta kai mita 5.4. Tef ɗin awo kawai ake buƙata, da tambayar wanda zai hau.

Abin da har yanzu ke ci mini rai, an riga an biya ɗan kwangila, an rufe fayil. Da na koma, shugaban sashen mulki ya ce, "Haba Malam, ba an yi maka ba?" A takarda ofishinmu ya bi doka, ni kuwa na zama mara godiya, ana kuma ci gaba da ɗaga ni a gefen abin da aka ce nawa ne. Sai da aka shiga sabon kasafin kuɗi kafin aka fasa ta aka sake, wannan karon ina zaune a wurin da tef a hannuna, siminti mai kaushi, ƙarfe hagu da dama. Alhamdu lillahi, yanzu da kaina nake shiga, kuma ma'aikata masu ciki da dattawa masu ciwon gwiwa ma nan suke bi.

Ka rubuta awon da lambobi a cikin takardarka ta farko, ka nemi kada a biya kuɗi sai ka hau ka gwada. Haka na yi a takardar ƙofar banɗaki da na miƙa, na sa faɗin santimita 90, na ajiye kwafi mai hatimin karɓa a aljihun teburina.