Jihohi Sun Samu Ikon Shimfiɗa Layin Dogo, Amma Wa Ke Da Alhakin Danjar Da Ta Mutu?

A watan Maris na 2023, ana saura kimanin wata biyu ya sauka daga mulki, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wasu gyare-gyare na kundin tsarin mulkin 1999. Ɗaya daga cikinsu ya cire harkar jirgin ƙasa daga jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya mayar da ita jerin abubuwan da tarayya da jihohi kowa ke da hannu a ciki. Daga wannan lokaci majalisar dokokin kowace jiha tana iya yin dokar da za ta kafa hukumar jirgin ƙasa tata, ta shimfiɗa layi a cikin iyakokinta, ta kuma gudanar da shi, yayin da layukan da ke ratsa jiha zuwa jiha suka ci gaba da zama a hannun tarayya. Na yi murna da wannan gyara, domin tun dokar 1955 da ta kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya harkar ke ɗaure a hannu guda, kuma kowa ya ga yadda ta lalace a wannan hannun. Sai dai murnar tawa tana tafe da damuwa, saboda akwai ikon da jihohinmu suka daɗe suna riƙe da shi a kan tituna, kuma yadda suka yi amfani da shi ne zai nuna mana yadda za su yi da sabon.

Titunan Najeriya kashi uku ne. Akwai manyan hanyoyin tarayya, irin wadda ta taso daga Abuja ta bi Kaduna da Zariya ta shiga Kano, kuma kundin tsarin mulki ya ba majalisar tarayya ikon gina su, gyara su, da tsara zirga-zirga a kansu. Akwai hanyoyin jiha. Akwai kuma na ƙananan hukumomi, waɗanda jadawali na huɗu na kundin ya ɗora wa alhakin titunan unguwanni, fitilun kan titi, magudanan ruwa da tashoshin mota. A takarda rabon ya fita sarai. A ƙasa kuwa, hanyar tarayya da zarar ta shigo gari sai ta zama titin gari, da kasuwa a gefenta, da makaranta, da masallaci, da masu tsallakawa ba iyaka, amma har yanzu mai ita yana Abuja. Jihar da ta gaji da jira ta gyara irin wannan hanya da kuɗinta takan shekara tana bin tarayya bashi, har ta kai gwamnatin Buhari ta gargaɗi gwamnoni cewa duk wanda ya taɓa hanyar tarayya ba da izini ba, kada ya sa ran za a biya shi. Direban da ya faɗa rami bai damu da sanin ramin na waye ba, amma wannan rabon ne ke ba kowace hukuma damar nuna 'yar'uwarta da yatsa.

Haka lamarin yake wajen masu kula da bin doka. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa a 1988, zamanin Janar Ibrahim Babangida, kuma dokar 2007 ce take aiki da ita a yau. Ga 'yan sanda, ga jami'an duba lafiyar ababen hawa, sannan ga hukumomin da jihohi suka kafa da dokokinsu: LASTMA a Legas, KAROTA a Kano, KASTLEA a Kaduna. Ba na cikin masu cewa a rushe waɗannan hukumomi na jihohi. Duk wanda ya san yadda mahaɗar titi ke kullewa a Kano da yamma idan babu mai ba da hannu, ya san suna da amfani. Amma iyakar ikon kowacce bai fita yadda talaka zai gane ba, shi ya sa kotuna ke ta fama da ƙararraki a kai. A watan Oktoba na 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa jami'an duba ababen hawa na babban birnin tarayya ba su da ikon tare mota, kama ta ko cin tarar mai ita, domin babu dokar da ta ba su wannan iko. Idan har sai an je gaban alƙali kafin a san wa ke da hurumin tsayar da kai a titi, to akwai gyara a rubutun dokokin.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙiblar da dokokin jihohi suka fuskanta. Idan aka bi manyan matakan da jihohi suka ɗauka a kan sufuri cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, za a tarar galibinsu hani ne da tara. Dokar zirga-zirga ta Legas ta 2012, zamanin Gwamna Babatunde Fashola, ta hana 'yan acaɓa bin tituna 475. Dokar 2018 ta maye gurbinta da ƙarin tsanani, aka kuma faɗaɗa haramcin a 2020 da 2022, abin da ya taɓa dubban matasan Arewa da ke cin abinci da babur a can. A Kano an hana acaɓa a watan Janairu na 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Adaidaita sahu, wadda gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da ita domin sufurin mata, ita ce ta cike gurbin, har ta zama ƙashin bayan zirga-zirgar birnin. Daga baya ita ma ta shiga takun saƙa da hukuma a kan haraji da kuɗin sabunta rajista, direbobinta suka yi yajin aiki a 2021 da kuma farkon 2022, jama'a suka koma tafiya a ƙasa, 'yan makaranta da ma'aikata da masu jinya duka.

Wasu daga cikin waɗannan matakai suna da hujja, musamman na tsaro, kuma ban ga laifin gwamnatin da ta ɗauki mataki bayan an zubar da jini ba. Tambayata ita ce, a cikin duk waɗannan dokoki, ina sashen da ya ɗaure gwamnati ita kanta? Doka ta ce wanda ya keta jar danja a ci shi tara, kuma daidai ne. To idan danjar ta mutu, aka bar ta wata da watanni, motoci suna cin karo a ƙarƙashinta, wa za a ci tara? Wace hukuma doka ta ambata da suna cewa ita ce mai gyara, cikin kwana nawa, da wane kuɗi? A garuruwanmu an saba a kafa danja da biki, wani lokaci mai aiki da hasken rana saboda matsalar lantarki, sannan batir ya mutu ko wata mota ta tunkuɗe sandar, shi ke nan sai ta zama ado. Illar ba ta tsaya a wannan mahaɗa kaɗai ba. Direban da ya saba wuce danjoji uku matattu ba zai ga girman ta huɗu mai aiki ba, kuma haka ake koya wa gari guda raina fitila. A ganina dokar jiha da ta san abin da take yi za ta wajabta cewa wani kaso na kuɗin tarar da aka karɓa ya tafi asusun gyaran danja, alamomin hanya da zanen tsallakawa, a kuma riƙa wallafa abin da ya shiga da abin da ya fita. Muddin tara tana zama hanyar tara kuɗin shiga kawai, jami'i zai fi son ya laɓe ya kama mai laifi a kan ya tsaya a fili ya hana laifin aukuwa.

Sai batun keke, wanda kusan ba a ambatonsa a majalisunmu. Kundin tsarin mulki ya ambaci keke, amma a matsayin abin da ƙaramar hukuma za ta yi wa lasisi, tare da amalanke, baro da kwalekwale. Wato a idon doka mai keke mai biyan kuɗi ne, ba a yi maganar inda zai bi ba. Alhali ƙasar Hausa shimfiɗaɗɗiya ce, babu tsaunukan da za su gajiyar da mai tuƙi, kuma keke ya daɗe yana ɗaukar malamin makaranta, ɗan kasuwa, manomi da ɗalibi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya ninka, mutane da yawa sun koma wa keke ba don sha'awa ba. Amma a daidai lokacin ne biranenmu ke ƙara zama na mota zalla. A Kano an gina gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nassarawa, Dangi da Hotoro, sun kuma rage cunkoso, wannan gaskiya ne, sai dai mai keke da mai tafiya a ƙasa ba su samu rabo a cikinsu yadda ya kamata ba. Yaron da zai je makaranta a kan keke dole ya cuɗanya da tirela da adaidaita sahu a layi ɗaya.

A 2001 ministan sufuri na lokacin, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su rungumi keke, har ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja, daga bisani wata bas ta ture shi ya faɗa lambatu. Mutane sun mayar da abin na raha, amma darasinsa a bayyane yake: kira ba ya isa idan titin bai ware wa mai keke wuri ba. Wannan kuwa aikin dokar jiha ne, ba sai an jira Abuja ba. Majalisa tana iya cewa duk sabon titin jiha da za a yi a cikin gari, ko wanda za a faɗaɗa, ba za a amince da zanensa ba sai ya ƙunshi hanyar masu ƙafa da layin keke da aka raba da na mota da ɗan shinge, ba da fenti kaɗai ba. Tun ran gini tun ran zane. Ƙara wannan fili a kan takarda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan rushe shaguna bayan an zuba kwalta. Kuma dole dokar ta tanadi inda masu kasa kaya za su koma, domin idan ba a ba su wuri ba, layin keken zai zama rumfa cikin mako guda, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Idan aka dawo kan jirgin ƙasa, Legas ce kaɗai jihar da ta nuna a aikace abin da jiha za ta iya. Tun 1983 Gwamna Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin birni, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. An kafa hukumar sufurin birnin Legas, LAMATA, a 2002, aka shafe fiye da shekara goma ana gina layin da ya taso daga Marina zuwa Mile 2, mai tsawon kilomita 13, kafin ya fara ɗaukar fasinja a watan Satumba na 2023. Layi na biyu, daga Agbado zuwa Oyingbo, mai kilomita 27, ya fara aiki a 2024, kuma yana bin hanya ɗaya da layin tarayya na Legas zuwa Ibadan. Wannan jiha ce da ta fi kowace samun kuɗin shiga, amma dubi tsawon lokacin da abin ya ɗauke ta. A Kano an taɓa kawo shirin jirgin cikin gari da bashin China zamanin Gwamna Abdullahi Ganduje, ya gamu da suka mai yawa saboda nauyin bashin. Ban yarda cewa kowace jiha sai ta mallaki jirgi ba. Jihar da ba ta iya riƙe motocin bas ɗinta shekara biyar suna aiki ba, bai kamata ta ci bashin da jikoki za su biya don ta sayi taragu ba.

Akwai aikin da ya fi wannan gaggawa, wanda kuma ba ya buƙatar bashi mai yawa. Jirgi ya iso Kano tun 1911, garuruwa kuma suka girma suka kewaye layin, ta yadda a yau dogo yana ratsa tsakiyar Kano, Zariya da Kaduna, yana gilma tituna masu cunkoso, ga 'yan kasuwa sun baje kaya a kan ƙarfen saboda jirgi ya daɗe ba ya wucewa a kai a kai. Yanzu ana shimfiɗa sabon layin Kaduna zuwa Kano, ana kuma aikin na Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairu na 2021, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya kafin ya shiga Nijar. Waɗannan layuka na tarayya ne, amma titunan da za su kai mutane tasha, da filayen da ke gefen layin, da mahaɗun da titi ke tsallaka dogo, duk suna taɓa ikon jiha. A ranar 9 ga Maris na 2023, kwanaki kaɗan kafin a sa hannu a gyaran da na fara da shi, jirgi ya yi karo da bas ɗin ma'aikatan gwamnatin Legas a wata mahaɗa a yankin Ikeja, mutum shida suka rasu. Jirgin na tarayya ne, bas ɗin ta jiha ce, kuma a daidai inda ikon biyu ya haɗu ne aka yi asarar rayukan.

Saboda haka abin da nake so in ga majalisun Kano, Jigawa, Katsina da Kaduna sun yi tun kafin jirgin farko ya bi sabon layi shi ne su zauna da Hukumar Jiragen Ƙasa, a lissafa kowace mahaɗa da ke cikin jiha, a rubuta a doka wadda za a yi wa gada, wadda za a sa wa shinge da mai gadi da fitilar gargaɗi, da kuma wanda zai riƙa biyan albashin mai gadin. A tanadi mashigar dabbobi a inda layin ya yanke burtali, domin makiyayi ba zai kewaya kilomita goma da garke ba, zai tsallaka ne ta inda ya samu. A hana raba filaye a jikin layin tun yanzu da wurin yake fili, a kuma keɓe wa kowace sabuwar tasha wurin tsayawar bas da adaidaita sahu da wurin ajiye keke, a sa shi cikin taswirar gari kafin dillalan filaye su riga gwamnati isa wurin.