Kafin ka zargi lambar IP, leƙa layin da ke ɗauke da ita

Ƙannena masu koyon aikin rezo, bari in ba ku labarin ɓarna biyu da na yi da hannuna a nan Yamai.

Ta farko a wani ofis ce a unguwar Filato. Intanet ta tsaya, fitilar DSL kuwa tana kunne. Ban tambayi kowa ba, na zura tsinke a ɗan ramin bayan modem, saitin ya goge kaf. Sai da na zo sake cikawa na tuna ban rubuta VPI da VCI ba. ADSL, wato intanet ta wayar tarho, da tsarin aika bayanai na ATM (ba na'urar cire kuɗi ba) yake aiki, kuma lambobin nan biyu su ne hanyar da bayananka ke bi. Na sa 8/35 da ka, na yi sa'a ta dace, amma wajen salon naɗe bayanai na zaɓi VC-Mux alhali can gefen kamfanin intanet LLC ne. Ƙa'idar RFC 2684 ta 1999 ta amince da duka biyun, muddin bakin layin biyu sun zama iri ɗaya. Yini guda ina ta sauya lambar IP, ita ko ba ruwanta. Ku ɗauki hoton saiti kafin ku taɓa komai.

Ta biyu ta fi yi mini ciwo, domin har da maganata a ciki. Layin ATM ne tsakanin ofis da reshensa. Na aika ping, wato ɗan saƙon gwada layi, amsa ta dawo, na ce, "Maigida, an gama." Washegari akawu ta kira: gajeren saƙo yana wucewa, babban fayil ya ƙi.

Ga abin da ban gane ba a lokacin. ATM yana daddatsa kowane ƙunshin bayanai zuwa ƙwayoyi masu bayit 53, wato 5 na kai, 48 na kaya. Ping mai bayit 100 ƙwaya 3 ce kawai. Ƙunshi mai 1500 kuwa ƙwaya 32 ne, kuma in ɗaya tak ta ɓace, lissafin CRC da ke tabbatar da ƙunshi ya iso daidai, a AAL5, sashen da ke sake haɗa ƙwayoyin, ba zai fita ba, sai a zubar da ƙunshin duka. Rautarmu tana turo ƙwayoyi da iya gudunta, fiye da abin da muka biya, na'urar kamfanin kuma tana watsar da rarar.

Saboda haka kada ping ɗaya ya ishe ku. Ku gwada 100, 500, 1000, har 1500, ku ga inda ya fara faɗuwa. Ku duba ko kurakuran CRC suna ƙaruwa. Ku tura ƙwayar gwaji ta OAM, wadda ke zuwa ta dawo ba tare da IP ba. In ba ta dawo ba, matsalar a layin take, ba a IP ba.

Ranar, maigida ya ɗauko takardar kwangila ya ɗora yatsa kan lambar PCR, wato iyakar gudun ƙwayoyi da aka yarje mana. "Ita ka sa?" Na ce a'a. Na zauna na sa ta, fayil ɗin akawu ya wuce kafin la'asar.